Batir ɗin ne jabu, ko cajar ce ke kashe su?

Maman Hanifa, Unguwar Dosa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masu sani ku ba ni shawara kafin in sake zuba kuɗina a rijiya. A gidanmu kuɗin batir ya kusa kamo kuɗin cefane. Rediyon Inna, mahaifiyar maigida, ba ya hutawa tun daga asuba har ta yi barci. Ga tocila biyu, ga rimot, ga agogon bango, ga na'urar awon hawan jinin maigida, ga motar wasan yara da ke shanye batir kamar raƙumi ya samu ruwa. Da na gaji da aiken yara shago, bayan ƙaramar sallah na shiga kasuwa na sayo masu caji guda huɗu haɗe da cajarsu a kwali ɗaya. An rubuta 4800mAh a jikinsu, wai yawan cajin da suke ɗauka ke nan, mai shagon ya ce sai in yi wata ban sake caji ba. Makon farko lafiya lau. Yanzu wata uku ke nan, in na cire su daga caja zafi kamar an tsamo dankali daga toka, in na sa a tocila bayan magariba ko isha'i ba sa kaiwa. Ni ce ban iya ba, ko abin ne duk yaudara?

Baban Walid:
Wa alaikumus salam. Hajiya, yaudara ce kawai. Ni ma na taɓa yin wannan asarar. Ki koma wa na zubarwa, in ya mutu ki san ya mutu, babu mai yi miki alkawarin ƙarya.

Mai Gyara, Tudun Wada:
Baban Walid, a yi haƙuri, kar a yanke hukunci tun ba a ji shaida ba. Hajiya, tambaya uku gare ni. Ƙananan nan ne masu kaurin yatsa, waɗanda ake rubuta wa AA? Cajar tana karɓar batir ɗaya shi kaɗai, ko dole sai an sa biyu-biyu fitilarta ke kamawa? Sannan fitilar tana canza launi ko ta mutu in sun cika?

Maman Hanifa:
AA ne Malam. Sai an sa biyu take kamawa. Fitilar ja ce, kuma ko kwana suka yi a ciki ja ɗin ce dai.

Mai Gyara:
To an cuce ki sau biyu, amma ba laifin batir mai caji ba ne a matsayinsa. Na farko, lambar nan ƙarya ce tsagwaronta. Batir AA mai caji irin wanda ake rubuta wa NiMH, na ƙwarai yana tsakanin 1900 zuwa 2500mAh, wanda ya fi kowa cika baki a cikin kamfanonin kirki wajen 2800 ya tsaya. Gwangwanin ƙarami ne, iya abin da zai ɗauka ke nan. Duk wanda ya rubuta miki 4800 tamkar ya ce mudu ɗaya zai ci tiya uku ne.

Na biyu kuma, wanda ya fi muni, cajar. Irin wannan ba ta da ƙwaƙwalwa, tura wuta kawai take yi ba ta san an cika ba. Batir in ya cika aka ci gaba da ɗura masa, rarar wutar zafi take komawa, zafin nan kuwa shi ke dafa cikinsa. Ko batir mafi tsada a duniya kika ba wa wannan cajar, jinyarsa kawai za ta fi tsawo.

Ɗan Poli:
Oga ya faɗi gaskiya. In ƙara da wani abu da ba a cika lura da shi ba. Akwai caja mai matsakaicin hankali, wadda ke ƙidaya lokaci: ta yi awa takwas ko goma sai ta yanke. A ƙasar da ba a ɗauke wuta babu laifi. A nan kuwa, ta yi awa shida a ɗauke, a dawo da ita ƙarfe biyun dare, sai ta fara ƙidaya daga farko kamar ba ta taɓa ganin batir ɗin ba. A dare ɗaya sai a yi masa caji biyu ko uku. Shi ya sa kayan da ke shekaru a hannun wasu, a hannunmu ko damina ɗaya ba ya gani.

Baban Walid:
Kun ga abin da nake faɗa ko? Sai mutum ya yi difloma kafin ya kunna tocila.

Ɗan Poli:
Haba Yaya, ai ko buhun shinkafa za ka saya sai ka ɗebo ka duba tsakuwa.

Alhaji Mai Shago, Kasuwar Gumi:
Salamu alaikum. Na ga ana ta jifan 'yan kasuwa, bari in ce wani abu. Shekarata 19 ina sayar da kayan wuta. A shagona akwai mai kyau, akwai na talaka. Mutum zai zo in ɗauko masa mai 2000, in faɗi kuɗinsa, sai ya ce Alhaji ga wancan an rubuta 4800 kuma bai kai rabin kuɗin ba, kana so ka cuce ni ne? In na ce masa wancan lambar ado ce, sai ya ɗauka ciniki nake ja. Ya fita ya saya a shagon gaba. Sau nawa zan yi wa'azi in kwana ban yi ciniki ba? Mu abin da ake nema muke kawowa.

Mai Gyara:
Alhaji, ranka ya daɗe, ban ce duk ku ɗaya ba ne. Amma wanda ya ce wa Hajiya za ta yi wata ba ta yi caji ba fa? Wannan ba mai saye ne ya sa shi ba.

Alhaji Mai Shago:
Wannan kam bai kyauta ba, tsakaninsa da Allah. Amma wani yaron shagon shi kansa bai sani ba, abin da dila ya faɗa masa yake maimaitawa.

Baba Ɗan Masaƙa, Kakuri:
'Ya'yana, ku bar jayayyar wa ya cuci wa, yarinya shawara ta nema. Na yi aikin lantarki a masaƙa har aka rufe ta, kuma har yau da batir nake jin labarai. Maman Hanifa, 'yata, ki fara da caja. In kuɗinki ba zai isa duka biyu ba, ki sayi caja ta ƙwarai da batir biyu rak, wata mai zuwa ki ƙara biyu. Alamar caja ta ƙwarai ba ta da wuyar ganewa. Kowane rami yana da fitilarsa ko allonsa, kina iya sa batir ɗaya tilo ta karɓa, kuma in ya cika ta tsaya da kanta. Yadda take ganewa shi ne, batir irin wannan in ya ƙoshi ƙarfinsa yakan ɗan ja baya kaɗan, jikinsa ya fara ɗumi, to wannan take jira.

Dalilin da ya sa na ƙi mai biyu-biyu: tocilarki wataƙila uku take ci, rimot biyu, agogo ɗaya. Sai ki haɗa wanda ya ƙare ƙarƙaf da wanda ya rage rabi a rami guda. Ɗaya ya ƙoshi har ya yi amai, ɗaya bai ji komai ba. Kamar a zuba wa ƙato da jariri tuwo daidai wa daida.

Maman Hanifa:
Allah ya ƙara girma Baba. To wane suna zan nema? Don in na shiga kasuwa na ce mai ƙwaƙwalwa, kowa zai ce tasa ce.

Ɗan Poli:
Anti, a batir dai wanda aka fi yarda da shi Eneloop ne. Kamfanin Sanyo na Japan ne ya fito da shi a 2005, yanzu yana hannun Panasonic. Abin da ya bambanta shi da na da, ba ya zubar da cajinsa in an ajiye. Tsofaffin masu caji in kika cika su kika sa a durowa, bayan wata biyu ko uku sai ki tarar sun kusa zama fanko, balle a zafin Maris da Afrilu. Shi wannan ko shekara ya yi a ajiye mafi yawan cajinsa na nan. Akwai fari, akwai baƙi mai suna Pro. Farin kusan 2000mAh ne, kamfanin ya ce zai jure caji har sau 2100. Baƙin kusan 2500 ne amma sau 500 aka rubuta masa. Don aikin gida farin ya fi, ga shi ya fi araha. Energizer da Duracell da GP su ma suna da masu caji na kirki. A caja kuma akwai ta Panasonic ɗin kanta mai lamba BQ-CC55, akwai na XTAR, da Nitecore, da LiitoKala.

Alhaji Mai Shago:
Yaro, ka faɗi suna ka manta da abu ɗaya. Duk sunan da ya yi tashe shi ake yi wa jabu. Na ga kwalin da in ba ka ɗaga shi ba ba za ka ce ba na asali ba ne.

Ɗan Poli:
Haka ne Alhaji. Shi ya sa nake cewa a je da sikeli, irin ƙaramin nan na masu yin kek ko masu gwal. AA na ƙwarai mai 2000 yana kai giram 26 ko 27, mai 2500 kusan giram 30. Jabu ba ya iya ɓoye rashin nauyi. Sannan Eneloop na gaske akwai kwanan watan da aka yi shi, an danna shi a jikin ledar, sai ka karkata shi a haske kake gani. Kuma kar a ce don an ga an rubuta Chaina shi ke nan jabu ne, Panasonic na yin wasu a can, wasu a Japan.

Baban Walid:
Sikeli kuma! Gobe za ku ce a je da lauya.

Shugaban Zaure:
Baban Walid, a bar mutane su ƙaru don Allah.

Baban Walid:
Shugaba, ba tsokana nake ba, tambaya ce ta gaske. Kuɗin caja mai kyau da batir huɗu zai saya mini na zubarwa na wata da watanni. Ga kuɗin wuta ya tashi. Ina ribar?

Ɗan Poli:
Bari mu yi lissafin wutar tukuna, don ita ce mai sauƙi. Batir ɗaya bolt 1.2 ne sau 2000mAh, wato wat 2.4 na awa guda. Huɗu ba su kai wat 10 ba. Mu ninka saboda abin da ke ɓacewa a zafi, mu ce 20. Yunit ɗaya na mita wat 1000 ne na awa guda, ka ga kashi ɗaya cikin 50 na yunit ke nan. Ko da farashin Band A na naira 225 da aka sanar a Afrilun 2024 ka yi lissafi, cika batir huɗu bai kai naira 5 ba. Ko ashana ba za ka saya da shi ba.

Maganar riba kuma ta danganta da abin da kake sa wa. Mu manta da 2100 ɗin kamfani, mu ce zafinmu da sakacinmu sun sa ya yi sau 300 kacal. Batir ɗaya ya maye gurbin ɗaruruwa ke nan. Amma fa a abin da ke cin batir kullum: tocila, rediyo, motar yara, makirfo. Rimot da agogon bango da ke shekara da batir ɗaya, a nan kam ina bayanka, sai ka yi furfura kafin kuɗinka ya dawo.

Mai Gyara:
A rimot ɗin ma akwai magana. Rabin rimot da rediyon da ake kawo mini ba lalacewa suka yi ba, batir ne ya yi zawo a ciki ya cinye ƙarfen. Na zubarwa masu arahar nan in sun mutu aka bar su, sai ka ga farin gari ko ruwa mai tsatsa. NiMH da wuya ya yi haka. Rimot ɗin da ba a samun irinsa a kasuwa, ni gara in sa masa mai caji.

Baban Walid:
To wannan na yarda, don ya taɓa ci mini rimot ɗin dikoda.

Na'ibi, Badarawa:
Assalamu alaikum. Tunda an ambaci makirfo, ga tamu matsalar. Makirfon masallacinmu marar waya AA biyu yake ci. Wani bawan Allah ya kawo mana sadakar wasu batura da ake soka wa wayar caji a jikinsu kai tsaye kamar waya, an rubuta 1.5V da 3000mWh. Suna aiki da kyau, sai dai sau biyu ke nan ana tsakiyar karatu murya ta ɗauke ɗif, alhali alamar batir a jikin makirfon tana nuna cike. Mene ne wannan?

Mai Gyara:
Allah gafarta Malam, ba su lalace ba, halinsu ne. Cikinsu litiyom ne mai bolt 3.7, sai aka sa ɗan ƙaramin inji a kansa yana sauko da shi zuwa 1.5. Injin nan yana riƙe 1.5 ɗin cif tun daga farko har ƙarshe, saboda haka makirfo ba ya ganin alamar gajiya. In ya ƙare sai ya yanke kamar an tsinke igiya. Maganinsa a sa musu ranar caji, kar a jira alama. A ce duk daren Alhamis da daren Litinin, kuma a ajiye wasu biyu cikakku kusa da mumbari.

Ɗan Poli:
Kuma Malam a lura da harafin. mWh ba mAh ba ne. 3000mWh in an raba da 1.5 ya zama 2000mAh. Ba ƙarya suka yi ba, sun dai zaɓi ma'aunin da lambarsa ta fi girma.

Maman Hanifa:
Ai ni waɗannan sun burge ni, tunda babu ruwana da neman caja. Ko su zan saya wa Inna?

Baba Ɗan Masaƙa:
A'a 'yata, ban da rediyo. Ɗan injin nan da Mai Gyara ya faɗa yana fitar da ƙara. A FM ba lallai ki ji ba, amma in Inna irina ce mai neman BBC a gajeren zango, ko Nagarta a matsakaicin zango, za ta ji wani zuuu a ƙarƙashin magana. Jikana ya kawo mini, kwana ɗaya na mayar masa da abinsa. Rediyo NiMH yake so, wutarsa shiru take.

Maman Hanifa:
Ai kuwa ita ce. In ba ta ji shirin safe ba ranar babu zaman lafiya. Amma rediyonta manyan batura yake ci, ba AA ba.

Baba Ɗan Masaƙa:
Masu girman D ke nan. Hanya biyu ce. Akwai kwanson roba mai siffar babban batir da ake zura AA a ciki, yana aiki, sai dai za ki riƙa caji akai-akai tunda ɗan ƙaramin ne ke ɗauke da kayan. Ko ki nemi D mai caji na gaske, wanda ke kai 8000 zuwa 10000mAh, nauyi gare shi kamar dutse. Ki yi hattara, akwai D mai caji da aka rubuta wa 2500 ko 3000, shi ma ƙaramin ne a ciki aka sa masa babbar riga. Kuma ki tabbata cajar da za ki saya bakinta zai buɗe ya ɗauki D, yawancinsu ba sa ɗauka. Ni dai kwanson nake amfani da shi, saiti biyu, ɗaya a rediyo ɗaya a caja.

Anti Nas, Barnawa:
Maman Hanifa, kan na'urar hawan jini, ki duba takardarta. Wasu an gina su ne a kan bolt 1.5, in suka ga 1.2 sai su fara nuna batir ya yi ƙasa tun bai yi ba, wasu ma su ƙi hura hannun. In takardar ta ce alkalin, wato irin na zubarwa, ki bar ta a kan alkalin mai kyau ko ki sayi adaftarta. Abin da ake auna lafiya da shi ba wurin gwaji ba ne. Sannan tunda akwai yara a gidan: ɗan batir ɗin nan mai kama da kwabo na na'urar awon suga, CR2032, ba a cajinsa, kuma a ɓoye shi nesa. In yaro ya haɗiye ya maƙale a maƙogwaro, cikin awa biyu yana iya ƙona wurin. Ba a jira a ga ko zai fita, asibiti ake nufa nan take.

Mai Gyara:
Gaskiya ne Anti. In ƙara haske kan 1.2 ɗin nan, don yana tsorata mutane. Na zubarwa 1.5 yake farawa amma kullum sauka yake, kafin ya kai rabin rayuwarsa ya iso wajen 1.2 ɗin, ya ci gaba da gangarawa. NiMH kuwa yana fitowa daga caja da kusan 1.4, ya sauko 1.2 ya zauna nan har kusan ƙarshe. Shi ya sa yawancin kaya ba su damu ba. 'Yan kaɗan ne masu tsirfa.

Auta, Rigasa:
Ku kuna ta fama da AA, mu mun wuce nan. 18650 shi ne magana. Ina ciro su daga tsofaffin baturan laftof, in sa a tocila da fanka da fawa bank. Wanda na saya sabo ma 9900mAh ne.

Ɗan Poli:
Auta, ɗora shi a sikeli ka turo mana hoto.

Auta:
Giram 27.

Ɗan Poli:
To ka sayi gwangwani. 18650 na gaske wajen giram 45 yake. Sunan ma awonsa ne, kauri milimita 18, tsawo 65, kuma a wannan girman su Samsung da LG da Panasonic wajen 3500mAh suka tsaya. Wallahi tsofaffin da kake cirowa daga laftof sun fi wannan sabon asali.

Mai Gyara:
Auta, ƙanena, tunda kana wannan harka ka ji abu uku, don litiyom ba ya wasa. NiMH in ka zalunce shi mutuwa yake, litiyom kuwa ramawa yake. Duk wanda ka ciro ka auna shi, in ya faɗi ƙasa da bolt 2 ka rabu da shi, kar ka ce za ka tashe shi. In ledar jikinsa ta yage ko kaɗan, kar ka sa shi a komai sai ka sake masa riga, domin gwangwanin gaba ɗaya waya ɗaya ce, ɗayar kuma tana nan a kai, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Sannan kar ka sa shi a aljihu tsirara. Wani yarona ya jefa ɗaya a aljihu tare da makullin babur, kafin ya kai bakin titi wando ya fara hayaƙi. Har yau tabon na cinyarsa.

Cikarsa bolt 4.2 ne, ba a wucewa. Saboda haka cajar NiMH zalla ba ta yi masa, tasa ma ba ta yi wa NiMH, sai irin waɗanda aka rubuta suna gane duka biyun. Kuma jama'a a kula da wani mai lamba 14500. Girmansa daidai da AA, amma 3.7 ne. Ka sa biyu a rediyon da ke jiran bolt 3, ka ba shi fiye da 7. An kawo mini irin wannan, babu abin da na iya yi masa.

Auta:
Oga na ji. Amma ni a ƙarƙashin filo nake caji don kar ƙannena su ɗauke.

Anti Nas:
Innalillahi. Auta, so kake mu gan ka a wurin aiki?

Auta:
Na daina Anti, daga yau a kan siminti.

Hajiya Mai Zoɓo, Kawo:
Ni tawa matsalar fanka ce mai caji. Lokacin duhun nan na Oktoban 2024 da Arewa ta yi kwana da kwanaki babu wuta, fankokina biyu suka ƙare na ajiye su. Da wuta ta dawo na yi caji, ko minti 20 ba sa yi. Har yau suna nan a saman kwaba. In zubar?

Baba Ɗan Masaƙa:
Kar ki zubar Hajiya, fankar lafiyarta ƙalau. Yawancin irinsu batir ɗin cikinsu ɗan'uwan na mota ne, mai dalma, baƙin akwati ƙarami, galibi an rubuta 6V 4.5Ah ko 12V 7Ah. Shi wannan abin da ya tsana a duniya a bar shi da yunwa. In ya ƙare aka bar shi kwanaki, wani farin gishiri ke kama farantan cikinsa ya taurare, daga nan ba ya ƙara ɗaukar caji kamar da. Mutane da yawa sun yi wannan asarar a wancan lokacin. Ki kai wa mai gyara ya kwance, ya sa sabo mai lamba iri ɗaya. Ki ce ya auna sabon a gabanki, mai 6 ya nuna 6.3 ko kusa, mai 12 ya haura 12.5, don wani ya daɗe a shago ya mutu a tsaye. Nan gaba in ta fara rage gudu ki kashe, kar ki jira ta tsaya da kanta. Da hunturu ma da ba a amfani da ita, a riƙa ba ta caji ko sau ɗaya a wata.

Tsohon kuma ki sayar wa 'yan gwangwan yadda yake, kar yara su fasa shi. Dalma guba ce. Kowa ya tuna yaran Zamfara a 2010, ɗaruruwa suka rasu, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Dalmar dai ita ce.

Hajiya Mai Zoɓo:
Ikon Allah. Ni da aka ce mini sai abu ya ƙare tas ake caji, in ba haka ba ya saba.

Ɗan Poli:
Hajiya, wannan maganar ta wani tsohon batir ce mai suna NiCd, shi ne aka sani da wannan hali. An gaje ta ne kawai ana ɗora wa kowa. Mai dalma da litiyom duka sun fi son a ciyar da su tun ba su galabaita ba. NiMH ma in tocila ta fara dushewa a cire, don in uku ne a jere, mai raunin cikinsu yakan riga ƙarewa, sauran biyun su riƙa tura masa wuta ta baya. Shi ya sa ba a haɗa tsoho da sabo, ko mai 2000 da mai 2500. Ni da alƙalamin maka nake rubuta wa nawa lamba, 'yan gida ɗaya su tafi aiki tare su dawo tare.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Saura abu ɗaya. Mu wutarmu wani lokaci awa huɗu ce a yini. Cajar za ta ishe ni?

Mai Gyara:
Ki juya bayanta ki karanta abin da take bayarwa. In 200mA ce, batir mai 2000 sai ya haura awa 12, ke nan ba za ki taɓa cikawa ba. Ki nemi mai ba da 500 zuwa 1000mA a kowane rami, awa biyu zuwa biyar an gama. Ki guji masu cewa minti 15, suna gasa batir. Kuma in da hali ki ɗauki wadda ake ba wa wuta ta USB. Wannan ko an ɗauke sai ki jona ta a fawa bank ko ƙaramar sola, fawa bank mai 10000 na gaske zai cika miki AA huɗu kamar sau biyu. Wani amfanin kuma, in wuta ta dawo da hauka, kan caja mai araha za ta ƙona, ba cajar batir ɗin ba. A ajiye ta a inuwa, ban da bakin taga, ban da kusa da janareto. Ɗumi kaɗan a ƙarshen caji ba komai, amma in ba ki iya riƙe batir a tafin hannu ba, a cire.

Alhaji Mai Shago:
Hajiya, in kin shigo kasuwa ki zo da sikelinki, ni ba na tsoro. Wanda ya hana ki aunawa ki yi gaba.

Baban Walid:
Alhaji ya ga ciniki.

Alhaji Mai Shago:
To da me na fito yi?

Maman Hanifa:
Salam jama'a, na dawo da rahoto bayan mako biyu. Na samu caja mai rami huɗu da allo, ta USB, har tana auna abin da batir ya ɗauka. Na sayi farare huɗu, na auna su a shagon da sikelin kek ɗina mutane na kallona, giram 26 kowanne. Don neman sani na sa tsofaffin nan masu 4800 a ramin gwaji. Mafi ƙoƙarinsu ya nuna 610, ɗaya ma cajar ta ƙi karɓarsa sam. Nauyinsu giram 16. Na'urar maigida na bar ta a kan alkalin kamar yadda Anti ta ce. Kwanson D ne ban samu ba, na zaga har na gaji, wani ma ya ce bai taɓa jin sunansa ba.

Baba Ɗan Masaƙa:
Ina da guda uku da ba na amfani da su. In wani yaronku na zuwa wajen Kakuri ya biyo ya karɓa. Ki gaida Inna.

Maman Hanifa:
Allah ya saka da Aljanna Baba, za ta ji. Zan turo ƙanen maigida ranar Asabar.

Baban Walid:
Maman Hanifa, turo mini hoton cajar nan ta gefe. Ba saya zan yi ba, gani kawai zan yi.

Auta:
Oga Mai Gyara, na auna na laftof ɗin, guda shida sun haura bolt 3, biyu suna 1.1. Ledar rigar a ina ake samu, kuma da me ake ɗame ta?

Mai Gyara:
Biyun nan ka naɗe kawunansu da salatif ka ware su. Ledar kuma ka biyo shago gobe bayan la'asar, akwai ragowa a wurina. Ka zo da duka shidan in gani da idona.